Mushe Tsumma

Likita ya ce a ba shi ƙwallon roba,
ya riƙa matsawa safe da yamma.
Baba Kalla ya dubi ƙwallon, ya dube mu,
ya ture ta da hannun da ya rage masa.
Ta gangara bayan randa. Can ta kwana uku.

Shekara arba'in da ɗaya a Kasuwar Dole
hannun nan na dama yana yanka shadda ba alli, ba awo.
Yanzu ga shi kwance kan cinya
kamar baƙon da ba ya jin Hausa.

Daren Laraba aka ɗauke kuran.
Na jawo buhun ƙyallayensa daga bayan keke,
buhun da ya hana kowa taɓawa,
na zazzage kan tabarma, Tsahara na haska mini tocila.
Sai ga rabin Zango a gabanmu:
guntun rigar wani liman,
gefen atamfar amaryar da yau take goyon jika,
kakin ɗan lakwal,
da wuyan rigar da ya ɓata ranar da aka haife ni,
don hannunsa na rawa, in ji Inna.

Na zaɓi hannun riga, shuɗi, ya koɗe a gwiwa.
Shi ne jiki.
Kwalin sukari na lanƙwasa biyu, ya zama baki,
na liƙa jan ƙyalle ciki, harshe ke nan.
Auduga kuwa tsohon matashi ya ba da aro.
Maɓallan ba su zo ɗaya ba,
fari mai huda huɗu da wani baƙi na kwat,
sai ya fito da kallon mai bin bashi.
Tsahara ta ce sai da gemu.
Muka warware igiyar buhu, muka dasa masa.

Ni ba tela ba ce, ɗiyar tela ce kawai,
kunun gyaɗa nake damawa.
Sau uku allura ta ɗanɗani jinina.

Daga kan gado, cikin duhu,
murya ta taso da nauyinta:
"Wannan ɗinki ne, ko ƙaya kike cirewa?"
Kalma bakwai.
Tun azumi bai jera bakwai ba.
"Habsu. Ninka bakin.
Rage zaren. Rago ke dogon zare."
Na ninka. Na rage.
Ban ɗago kai ba, kada ya daina.

Da safe Tsahara ta raɗa suna, ba rago, ba goro:
Mushe Tsumma.
Ta haye gadon, ba ta nemi izini ba,
ta zura hannun kakanta ciki
kamar mai sa wa jinjiri riga,
yatsu huɗu a sama, babban a ƙasa.

"Mushe, ina kwana?"

Shiru.
A waje jarkoki na karo a layin famfo,
wata na rantsuwa ita ta riga zuwa.

"Mushe, ba ka da ladabi ne? An gaishe ka fa."

Jijiya ta miƙe a wuyan Baba.
Gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hula.
Ido biyu marasa kama suna kallon rufin kwano.
Can sai bakin kwali ya motsa,
ya buɗe, bai kai ƙwayar gyaɗa ta shiga ba,
ya koma ya rufe.

"Ya ce lafiya lau!"
Ta diro, ta fita ba takalmi,
za ta gaya wa layin famfo duka.

Muka saura mu uku.
Baba ya juya Mushe da hagu,
ya bi ɗinkina da ɗan yatsa, kabu-kabu, kamar mai duba kwarkwata.
"Idon nan ya karkace," ya ce.
"Kawo allura."

Na kawo.
Ba zai iya riƙe ta ba tukuna, mun sani mu duka.
Ni na zura, ni na soka.
Wutsiyar zaren kuwa na sa a bakin Mushe,
na ce ya riƙe.
Na ja a hankali,
na ji zaren ya ɗan yi mini gardama.