Jarkar Lastri

Shekarar da dutsen Merapi ya yi mana tari,
toka ta kwanta a kan tafkunana huɗu.
Na fito da asuba, fitila a hannu,
na tarar da tarwaɗa tsaye cikin ruwa,
kai sama, gashin baki a sake,
kamar masu jiran a karanta musu hukunci.
Kafin hantsi sun nuna mini farin cikinsu,
ba irin na murna ba.

Parjiman, Allah ya jiƙansa,
kafso yake fasa musu cikin abinci,
ja da rawaya, tafi guda, babu awo.
Bana ya ci, baɗi ya ci rabi,
a ta uku gyambo ya daina jin tsoronsa.
Ya tafi ya bar mini ruwa mai wari
da bashin buhu sittin a kasuwar Boyolali.

Sai ga Lastri ta dawo daga karatu a Solo,
da jarka shuɗiya ɗaure a bayan babur.
Ta ce, Inna, akwai masu rai a ciki.
Na leƙa. Ruwa ne kalar shayi, yana tsami.
Na ce, kuɗin makarantar kenan?
Ƙwayoyi suka kashe mini kifi,
ki kawo mini wasu ƙwayoyin in yi kiwo?

Ba ta yi musu ba.
Ta shiga madafa ta ɗauko tempe,
ta buɗe ganyen ayabar,
ta nuna mini farin gashin da ya ɗaure waken.
Ta ce, wannan fa, wa ya saƙa?
Shekara arba'in kina ciyar da mu aikinsu,
ba ki taɓa tambayar sunansu ba.

Na yi shiru. Sauro ma ya fi ni magana.

Tun ran nan turmina ya sake sana'a.
Tafarnuwa, kurkum, citta mai yatsu,
ganyen gwanda mai ɗacin da ke tsuke fuska,
dusar shinkafa, maɗin rake ludayi biyu.
A rufe kwana bakwai a inuwar kwakwa.
Da dare in na kasa kunne jikin jarkar
ina jin su suna tsegumi, ɓul, ɓul,
baƙin da ba su da fuska,
masu shiga hanjin kifi su share, su zauna,
su hana mugu wurin shimfiɗa tabarma.

Ban ce mutuwa ta manta hanyar gidana ba.
Jiya ma na tsamo uku.
Amma uku ai ba kwando ba ne.
Ruwan ya koma kore, warin ya sauka,
in na watsa abinci tafki tafasa yake.

Ran kamu, Sukirno dillali ya rataya sikeli,
ya duba allura, ya buga ta da yatsa,
ya sake dubawa.
Ya ce, Ngatirah, me kike ba su?
Na duba farcena da kurkum ya rina,
na ce, abin miya.

Lastri ta koma Solo.
Jarkar na nan, murfinta ya tsage,
na ɗaure shi da tsohuwar rigar Parjiman.