Littafin Malam Labo

A ƙasan adakar da gara ta ci rabinta,
ƙarƙashin rasiɗan haraji da tsinkakken carbi,
na tsinci littafin kakana,
Malam Labo, magatakardan En'e a Rafindadi,
wanda Bature ya ɗora wa ƙidayar mamata.

Kowane shafi an tsaga shi gida huɗu:
suna, unguwa, shekaru, sanadi.
Gidan shekaru ne ya tsayar da ni.
Ɗaya, uku, wata bakwai, ɗaya, biyu,
kamar gero ya tsiro fari ya kama shi,
sai can ƙasa ka ga saba'in tsaye shi kaɗai
kamar kuka a gonar da aka girbe.

Sanadi, agana. Sanadi, ƙyanda.
Sanadi, sanƙarau, layi tara a jere,
duk bazara ɗaya, duk daga Ƙofar Guga.
Inda bai sani ba ya sa zazzaɓi.
Inda ya sani sarai
nan ma zazzaɓin ya sa,
don yunwa ba ta da gida a takardar gwamnati.

An ce ƙarshen shekara Likita kan tara,
ya raba, ya goge, ya sake rabawa,
ya ce mutumin garin nan
talatin da 'yan kai yake yi a duniya,
ya liƙe ambulan, ya aika Kaduna.

Kakata Tabawa, da labarin ya iso ta,
tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, to ni sauran shekarun wa na ara?
Ta kai casa'in, haƙoranta uku,
amma lissafinta bai taɓa zubewa ba.
Ta kan buɗe tafin hannu ta nuna mini:
goma sha ɗaya na durƙusa,
huɗu na aurar.

Biyu ba su kai ranar suna ba,
wanzami bai zo ba, rago bai faɗi ba,
gidan farko na shafin ya ƙi karɓar su.
Ɗaya ta ɓoye shi a rumbu ranar masu lamba,
tsoron allura ya ba agana hanya.
Da ta gaji da haƙa, ta koma wa dabara,
ta sa wa na bakwai Ajuji,
ta ajiye shi kan juji ta juya baya,
wai ko mutuwa ta ɗauka shara ce ta wuce.
Ta wuce kuwa.
Shi ne ubana.

Shafi na arba'in da ɗaya
rubutun ya canza tafiya.
Alƙalamin da ke miƙe kamar igiyar gini
ya karkace a layi na shida:
Ayashe, Rafindadi, shekara biyu.
Gidan sanadi babu kome,
sai tawada da ta baje
kamar ruwa ya ɗiga mata kafin ta bushe.
'Yarsa ce.
Da safe ya kai ta Ɗanmarna a kan hannu,
da hantsi ya zo ofis ya rubuta ta,
don ranar Laraba ce, kuma akwai aiki.

Layi na bakwai ya miƙe kamar da.

Yanzu ina zaune a zauren da ya zauna,
na haura talatin ɗin Likita da sha huɗu.
'Yata na cikin gida tana rigima
kan hannun da aka yi wa allura jiya.
Na bar ta ta yi kukanta, ban ce a lallashe ta ba.
Na lashi yatsa, na juya shafi.
Akwai sauran saba'in da ban karanta ba,
kuma na yi niyyar kiran kowa da sunansa
kafin a kira magariba.