Talatin a Kwali

Shekara goma sha ɗaya ina kallon Legas
ta cikin wasu 'yan ɓawo guda biyu,
sirara kamar fatar albasa.
In manna su a ƙwayar ido da asuba,
in cire da dare, in wanke, in kwantar da su cikin ruwansu
kamar mai lallashin tagwaye.
Tabarau bai karɓe ni ba:
madubin gyaran agogo ba ya zama a kansa,
ruwan saman Obalende kuma ba ya sallama.

Ranar Laraba na hau danfo zuwa Yaba.
Dakta Bisola ta jujjuya tsohon kwalina a hannu,
ta ce, "Malam Ilu, kamfanin ya daina yin irin wannan."
Na ce, mai shi ya rasu ne?
Ta yi dariya. "Yana nan. Dainawa dai ya yi."
Shi ke nan fa.
Wani a wata ƙasa ya sa hannu a takarda,
idona a nan ya wayi gari maraya.

Na ɗora haɓa a kan na'urarta.
Haske ya shiga ya zaga ni kamar mai awon fili.
Na ce, ba lamba ɗaya ba ce? Ba ni kowanne.
Ta ce, "Takalmi biyu kan yi lamba ɗaya,
ɗaya ya kai ka gida, ɗaya ya yi maka kanta."
Na farko ya tsaya mini kamar tsakuwa a shinkafa.
Na biyu ya zame duk ƙiftawa.
Na uku,
na manta yana ciki
har na karanta layin ƙasa, inda haruffa suke kamar kiyashi.

Sai ta ce, "Wannan na yini ɗaya ne.
Da safe ka sa, da dare ka jefar.
Babu wanki, babu kwana da shi,
kada ruwan famfo ya kusance shi.
Ka dawo bayan mako in duba."

Jefarwa?
Ni da nake da gwangwanin madara cike da kusoshin agogo
tun ina yaron shago,
ni da ban taɓa ce wa agogon kowa ya mutu ba
sai na buɗe bayansa na saurara?
Na yi lissafin kuɗin a kan gada, cikin cunkoso,
na sake yi, bai ragu ba.
Talatin a kwali, kwali biyu, ido biyu.
Kwandasta na ihun canji, ni ina ihu a zuci.

Daren farko ban jefar ba.
Na ɓoye su a murfin kwalba, bayan rediyo,
kada Ladidi ta gani ta kai ƙarata.
Da safe na tarar sun bushe, sun nannaɗe,
kamar ɓawon kifi a kasuwar Oyingbo.
Na taɓa ɗaya, ya tsage.
Duk abin da ya gani jiya,
matar da ta kawo agogon mijinta marigayi,
yaron da ya faɗi da tiren lemo,
bai riƙe ko ɗaya ba.
Ni na riƙe.

Na wanke hannu, na tsane shi,
na ɓare sabo.
Sanyinsa kamar raɓa.
Gada ta fito da duk tsagunta,
lambar motar da ke nesa ta daina rawa.

Yau kwana tara.
Tsohon mazubin yana aljihuna har yanzu,
kusoshi biyu na zinariya nake ajiyewa ciki,
ɗaya a hagu, ɗaya a dama.
Dakta ta ce idon ya yi fari, jan ya tafi.
Ban gaya mata zancen murfin kwalba ba.