Tsotson Tiyo a Agege

Da hantsi Sallau ya turo ta, shi da yara uku,
tsohuwar Bedfod mai kai goro daga Agege zuwa Ijora,
fenti ya zube, saura rabin "Haƙuri" a goshinta.
Ya ce: Tanimu, ta zame mini ƙarfen ƙafa.
In na murza makulli da asuba
sitata ya ja, ya ƙage, kamar an shaƙe shi.
A goslon Oshodi lagireto na tafasa kamar tukunyar mai shayi,
a hawan gada ciki ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas,
ka ce tsakuwa aka kaɗa a gwangwani.
Mai kuwa, zuba ruwa a kwando.

An sake fulogi a Mushin.
An wanke kabreta har sau biyu.
Wani ya sayar masa da kwil,
wani ya ce hannu aka sa mata.

Na ɗaga bonet, zafi ya mare ni.
Na tofa yawu a tsumma, na goge fuli
har tsagar nan ta fito, siririya kamar tsagar gado,
na ja mata alli.
Na zare tiyon iska, na toshe bakinsa da ƙusa,
haka Baba Amusa ya koya mini
shekara ashirin da wani abu, a ƙarƙashin gadar nan,
da Hausarsa mai karyayyen ƙugu:
"Yaro, rufe bakin gulma tukuna,
sannan ka tambayi inji gaskiya."

Fitilar taimin ta shiga ƙifta ido.
Alli ya tsere gaba, ya wuce gidansa nesa.
Wani ya murɗa distiributa don ya rufe wata ɓaraka,
ya gyara gemu ya ɓata haɓa.
Na sassauta noti da sifana sha uku,
na juyo ta baya, kaurin farce, kaurin farce,
har alli ya zo ya durƙusa a kan lamba.
Ƙarar ta kwanta. Amma ba nan ciwon yake ba.

Na buɗe hular distiributa.
Na sa tiyo a baki na tsotsa.
Da lafiya, faranti zai motsa, harshe ya manne.
Ni iska na sha, iskar Legas,
mai ɗanɗanon fetur da gishirin teku da kwata.
Tantanin cikin kwanon ya huje,
tiyon ma ya tsage a gindi, inda ido ba ya kai.
Sallau ya yi dariya: abin naira nawa?
Na ce: bai kai kuɗin fulogi ɗaya ba.
Dariyar ta tsaya.

Baba Amusa kan ce wuta ba ta jiran fistin ya iso,
tun yana hanya take fita taryarsa,
in yana sauri ta ƙara sammako.
In ta yi gaggawa su yi karo,
in ta makara ta tarar ya juya baya.
Bara aka aiko mini yana kwance a Ikorodu.
Na ce Juma'a, akwai motoci biyu a hannuna.
Laraba aka rufe shi.

Yaro ya dawo daga Ladipo da kwano na hannu,
mai tsatsa, amma da na tsotsa sai ya kama harshena,
faranti ya ce ƙit.
Na ɗaura, na mayar da tiyo,
na ce Sallau ya ɗan taɓa totur.
Alli ya zabura gaba, ya saki, ya komo gida.

Ya biya ni da kuɗi da goro bakwai, farare.
Hadari ya taso daga wajen teku.
Na tsaya ina saurarenta ta hau gada,
giya biyu, giya uku,
ba tsakuwa.
Na fasa goro ɗaya na tauna,
fetur bai bar bakina ba har la'asar.