Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Bauchi,
daga Wunti har Jahun, a kan keke mai kukan sarƙa.
Yau jikata Ramlatu ta zaunar da ni,
ta goge mini tabarau da gefen mayafi,
ta ce, Kaka, za ka gina shafi.

Na ce, da wace ƙasa? Ina magini?

Ta ce HTML ne tubali da azara,
shi ke cewa nan kai, nan jiki, nan hoto.
Kowace alama kamar ƙofa take:
in ka buɗe, ka rufe.
Na buɗe kan magana, na manta rufewa,
sai duk rubutun ya kumbura, baƙi ƙirin,
kamar mai shela ranar kasuwa.
Ta yi dariya har da riƙe ciki.

CSS kuwa shafe ne da fenti,
ba ya ɗaukar rufi, amma shi baƙo ke fara gani.
Na zaɓi shuɗi. Ta ce ya yi duhu. Na ƙi canzawa.

Burauza ɗan aike ne.
Saba ita ce mai masa, tandarta ba ta hucewa.
Yaro ya zo da kwano, ya faɗi saƙo,
ta zuba, ya juyo a guje.
In sabis ya yi ƙasa,
yaron nan ya tsaya kallon ƙwallo ke nan.

Mahaɗi lungu ne, ka bi shi ka ɓulla wata unguwa.

Da ta zo kan adireshi sai na gyara zama,
nan fa gonata ce.
Ta ce harafi ɗaya ya kauce, saƙo ya ɓata,
allo ya nuna huɗu, sifili, huɗu.
Na ce, na san shi, yarinya.
Na sha tsayawa a ƙofar gida da wasiƙa a hannu,
a ce mini ai ya tashi tun bara,
ba wanda ya san inda ya koma.

Kafin la'asar na rubuta layi uku:
sunana, shekarun aikina,
da gaisuwa ga duk wanda ya taɓa jiran takarda.
Ta ce, adana, Kaka, kafin a ɗauke wuta.
Na danna.
Aka ɗauke.

Muna fifita da kwali, ta ce yana nan, bai ɓata ba.
Ban gan shi ba, amma na yarda.
Ni ma na daɗe ina ɗaukar abin da ke rufe,
kuma yana isa.