Baƙon da Bai Bi ta Ƙofa Ba

Shekara arba'in da ɗaya babana, Pan Wen-hsiung,
yana gyaran agogo a wani lungu na Tainan,
tsakanin mai miyar kifi da haikalin da turarensa ba ya mutuwa.
Idon dama ne jarinsa.
Da shi yake leƙa cikin agogo ta ɗan gilashi,
hantsaki a hannu,
kamar mai cire ƙaya a ƙafar kiyashi.

Ba tsinke ne ya tsokane shi ba,
ba ɓarɓashin ƙarfe ba, ba wuƙar tiyata ba.
Ƙofar idon a garƙame take.
Ɓarawon ta ƙarƙashin gida ya haƙo.

Zazzaɓi ne ya fara, kwana shida.
Ya ce ruwan sama ne ya ba shi kashi.
Ya sha shayinsa mai zaƙi,
mu a garinmu ko miya sai da sukari,
takardar gwajin jininsa kuwa tana ƙasan aljihun tebur
tun bara waccan, ninki huɗu, ƙarƙashin matattun batura.

Ran Laraba ya ce, "Hsiu-luan, wa ya hura gawayi a shago?"
Ba hayaƙi ko kaɗan.
Alhamis ƙudaje suka yi ta iyo a gabansa,
yana kai musu mari, yana marin iska.
Juma'a idon ya yi jawur,
wani fari ya kwanta a gindin baƙin
kamar ragowar madarar waken suya a kofi.

Likita Tuan ta ɗaga hoto, na zaci na ido ne.
Na hanta ne.
Ƙurji kamar ƙwan agwagwa, cike da mugunya.
"Nan ce tashar," in ji ta. "Jini jirgi ne,
ba ya tambayar fasinja ina za shi.
A bayan ido hanya takan tsuke, sai su sauka.
Ciki akwai ɗumi, akwai abinci, masu gadi kaɗan ne,
waɗanda ke akwai ma sukari ya sa su gyangyaɗi."

A ɗakin jinya na gane ba mu kaɗai ba ne.
Tsohuwar gadon taga, bututu ya yi makonni a jijiyar wuyanta,
funfuna ta bi robar ta shige.
Saurayin da ke ɓoye hannuwansa cikin bargo,
allurar maye ta buɗe masa tasa ƙofar.
Akwai wani direba, tasa cutar a zuciya ta yi sheƙa.
Kowa da idonsa a liƙe da auduga,
kowa daga wata tasha daban.

Aka zuƙe ƙurjin. Aka ɗaura ruwan magani dare da rana.
Aka soka allura cikin ƙwayar idon kanta,
ni ce na kau da kai, shi ko uffan.
Sannan aka kwashe gurɓataccen ruwan ciki.

Na tare ta a matakala: "Zai gani?"
Ta daɗe tana goge tabarau.
"Funfuna takan yi tafiyar hawainiya, wani lokaci mu riga ta.
Irin ta babanki ba ta da haƙuri.
Wasu gani suke rasawa, wasu idon ɗungurungum,
wasu ma ran muke roƙo.
Na hagun muke gadi yanzu."
Ban tambaye ta ran Laraba ba.
Har gobe ina tambayar kaina.

Na daman ya tsira a gurbinsa,
amma iyakarsa ya ce maka an kunna fitila, ko an kashe.
Na hagun ya fita lafiya.

Wata huɗu, ya ɗaga ƙofar shago.
Shayi ba sukari, yana sha yana tsaki.
Ya ɗora gilashin a idon da bai taɓa koya wa sana'a ba,
ya miƙa hantsaki,
ya cafko tebur, gefen ƙusar da kaurin gashi.
Ya sake. Ya sake.
Mai miyar kifi ya leƙo, ya koma bai ce komai ba.
A na bakwai ƙusar ta zauna.
Ya kara agogon a kunne,
ya miƙo mini: "Duba min, ƙarfe nawa?"