Ruwan Da Ya Zo Ba Hadari

Ƙarfe biyun dare igiya ta yi ƙara.
Na san kukan igiya kamar yadda na san tarin mahaifina,
wannan ba na iska ba ne.
Na ce, "Sles, tashi, kogi ya tashi."
Ya ce, "Rofiah, a tsakiyar rani?"
Ya juya, ya ja mayafi.

Sama tas, taurari kamar shinkafar da aka shanya a tabarma,
ko ƙyallin hadari babu.
Amma ga Mekong yana hawa matakalar gidanmu,
ɗaya, biyu, uku,
tafiyar mai bin bashi da ya san ɗakin da kake kwana.

Can sama, bayan duwatsun da ban taɓa gani ba,
wani ya murɗa wani ƙarfe,
ya rubuta lokaci a littafi,
ya koma kan shayinsa.
Ba na jin mugu ne.
Birni ya ce yana son wuta,
shi kuwa buɗe ƙofa ne abincinsa.

Keji huɗu gare mu, na gora da raga,
ɗaure a kan shuɗɗan gangunan roba.
Tarwaɗa dubu uku.
Wata biyar ina murza musu dusa da tafina,
har sun san inuwata, sun san sawuna a kan katako.

Ruwan da ya zo na gindin madatsa ne,
sanyi ƙarara, ba numfashi a cikinsa.
Na haska tocila:
bakuna, bakuna, duk sun taso sama,
suna buɗewa suna rufewa
kamar masu amsa addu'ar da ba su ji farkonta ba.
Kafin kiran asuba farin ciki ya rufe keji na uku,
ba irin farin cikin da ake yi wa barka ba.
Na huɗun bai ma tsaya ba,
ya tsinke, ya bi duhu, ya nufi Kratie
da kuɗin makarantar Nasiroh a cikinsa.

Da gari ya waye na ga tsoho Bunthoeun
tsaye a kwale-kwale, bai riƙe tuƙi ba.
Shi ke gadin ƙwan kififiya a tsibirin yashi,
rami sha ɗaya, kowanne da sandarsa da jan ƙyalle.
Ƙyallen kawai ke leƙe yanzu.
Tsuntsayen da suka yi ƙwai a rairayin
suna ta kewaya saman ruwa,
su sauko, ƙafa ta taɓa sanyi, su sake tashi.
Ba wanda ya gaya musu.
Mu ma da hantsi saƙon ya shigo waya:
a kula, za a saki ruwa.

Kwana uku, aka rufe ƙofar.
Kogi ya janye kamar wanda aka kira a gida,
ya bar 'ya'yan kifi a kwarmin duwatsu,
rana tana dafa su a hankali.
Zalɓe ya ci har ya kasa tashi.
Karen ruwan da ke satar mana kifi,
wanda na sha jifa da takalmi,
ban sake ganinsa ba,
kuma, abin kunya, ina dubawa.

Kakata tana karanta kogi a jikin tururuwa da wata,
ta ce maka jibi zai kai gindin mangwaro, ya kai.
Ta kan ce ruwa ba ya tsami banza.
Gaskiyarta.
Sai dai dalilin yanzu yana cikin aljihun wani.

Waɗanda suka rage da motsi na fede su,
na danna a tulu da gishiri.
Sles yana ƙirga gora, yana ƙirga bashi, yana sake farawa.

Da dare ƙwan lantarki ya kawo, fari fes.
Na daɗe ina kallonsa.
Na san ko nawa na biya.
Hannuna ya kai kan makunni,
sai na ji Nasiroh ta buɗe shafi.

Na bar shi.
Gobe tana da jarrabawa.